Kujera Ta Saba'in

Wani matuƙin jirgin sama ne, irin na ƙananan kamfanonin nan masu jigila tsakanin garuruwa na kusa, waɗanda kafin a gama raba wa fasinja ruwa har an ce a ɗaura bel za a sauka. A sama ba shi da laifi, ya iya aikinsa. Amma da zarar ƙafarsa ta taka ƙasa, sai ka rantse ya manto hankalinsa a can.

To, a kamfanin nasu ba da wahalar tuƙi ake biyan matuƙa ba, da yawan kujerun fasinja ake biya. Jirgin da bai kai kujera saba'in ba, albashinsa ba ya kai mutum ƙarshen wata. Daga saba'in zuwa sama kuwa, kuɗin kusan ninki ne. Tsofaffin jiragen duk 'yan kujera hamsin ne, don haka kowa a wahale yake, sai farar riga da hula.

Kwatsam aka ji kamfani ya sayo sabbin jirage manya. Matuƙa suka hau murna, wasu har sun fara taya mota. Da na farko ya iso, aka shiga aka ƙirga. Kujera sittin da tara. Inda ta saba'in ya kamata ta zauna, an kafe wani ɗan akwatin ajiye barguna. Mugunta dai ƙiri-ƙiri.

Ƙungiyar matuƙa ta kira taro. Aka yi ta kumfar baki, kowa ya zama jarumi tunda manaja ba ya ɗakin. Mutumin naku yana can baya yana gyangyaɗi. Shugaban ƙungiya ya buga tebur ya ce, "Surutu ya isa. Wa zai tashi ya je ya tunkari manaja?"

Kowa ya sunkuya yana duba igiyar takalminsa. Shi kuwa gogan, cikin barci kalmar "tashi" kaɗai ya ji, ya zaci jirgi ne ake neman mai tayarwa. Ya miƙe zumbur.

"Ni ne da tashin. Ƙarfe nawa?"

Aka ɗauki tafi. Kafin ya gama mutsuttsuke ido har an naɗa shi wakili.

Da ya koma gida, maimakon ya ja bakinsa, sai ya ce wa matarsa ƙarin albashi ya riga ya shigo aljihu, shi ma aka zaɓa ya je ya karɓo wa kowa. Washegari ya dawo ya tarar da falo fayau. Ta kyautar wa ƙanwarta da kujerun, ta ce sabbi na tafe. Kujerar roba guda ta bari.

"Baban yara," in ji ta, "na gaya wa su Inna da su Yaya. In ka dawo ba ƙari, kai za ka yi musu bayani, kuma a tsaye, don ba wurin zama."

Ranar zama da manaja, ya shiga ofis ya same shi da akanta da injiniyan kamfani. Manajan ɗan gajere ne, in ya zauna ƙafarsa ba ta kai ƙasa.

"Kyaftin, abin da kuke nema ya yi sama da yawa," in ji manaja. "Ku ɗan sauko."

"Ranka ya daɗe, ni ba na sauka sai hasumiyar filin jirgi ta ba ni izini."

"To ka ɗauka ni ne hasumiyar."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, dubawar ma ba ta ɗauki lokaci ba. "Da wannan tsawon, ranka ya daɗe?"

Injiniya ya ɓoye fuska a bayan fayil. Manaja ya haɗe rai ya ce, "Magana ɗaya ce. Ka nuna mini kujera ta saba'in a cikin jirgin nan, in sa hannu a take."

Da sassafe sai ga mutumin naku yana ratsa filin jirgi da kujerar robar gidansa a ka. Ya shiga sabon jirgi, ya girka ta a tsakiyar hanya, ya ɗaure ta da igiyar shanya, sannan ya aika a kira su manaja.

"Ga ta nan. Saba'in."

Injiniya ya taɓa ta da ɗan yatsa, ta yi gefe. Ya ce, "Kyaftin, wannan in jirgi ya ɗaga, ita da mai ita a wutsiya za a tsince su. Kujerar jirgi a kafe take. Ta mutum ɗaya ce. Kuma akwai abin shaƙar iska a samanta."

Akanta ya yi dariya har da riƙe ciki. Mutumin ya ji ƙwalla na neman tona masa asiri, ya tuna falonsa, ya tuna su Inna. Ya wuce bayan jirgi ya shige banɗaki ya rufe, don kar a ga kyaftin guda yana kuka. Ya zauna. Can sai ya ɗan jijjiga abin da yake zaune a kai. A kafe. Ya dubi dama da hagu, wurin mutum ɗaya ne. Ya ɗaga kai, ga ɗan murfin abin shaƙar iska.

Ya fito da gudu har yana tuntuɓe.

"Ranka ya daɗe, na same ta. Zo ka gani, da ɗuminta ma."

Manaja ya leƙa, ya fashe da dariya. Amma a wannan karon akanta bai yi dariya ba. Ya motsa leɓe yana lissafi, sannan ya raɗa wa manaja wani abu a kunne. Manaja ya gyara tsayuwa.

"Mun yarda, kujera ce. Tunda kuwa kujera ce, za mu sayar da tikitinta. Injiniya zai sa mata bel, da 'yar na'ura mai ƙara in an ɗaga daga kanta. Muddin akwai mutum zaune a kai daga tashi har sauka, jirgi mai saba'in ne. In aka ɗaga, ta koma banɗaki, albashin kowa na watan ya koma gidan jiya."

Mutumin bai jira an ƙarasa ba ya sa hannu. Da shugaban ƙungiya ya tambaye shi inda sauran jama'a za su riƙa zagawa, cewa ya yi, "Tafiyar ba nisa, kowa ya riƙe kayansa."

Ranar tashin farko shi aka ba jirgin, don girmamawa. Abokan aiki suka haɗa masa liyafa da safe, aka kawo madara mai sanyi. Shi da madara ba sa shiri tun yana yaro, amma tunda kyauta ce ya shanye tasa, ya taya na kusa da shi.

Jirgi ya cika maƙil. Tikitin banɗaki, da yake rabin kuɗi ne, wani dattijo mai sayar da kayan gini ya saya. Ya shiga da jaridarsa, ya ɗaura bel, ya danna sakata.

An tashi lafiya. Ana tsakiyar tafiya cikin kyaftin ya murɗa. Ya lafa. Ya sake murɗawa, har mataimakinsa ya duba allo yana tsammanin inji ne.

"Kyaftin, lafiya? Gumi kake yi."

"Lafiya lau. Tambayi hasumiya, mu sauka."

Mataimaki ya tambaya. Hasumiya ta ce akwai jirage a gabansu, su ci gaba da shawagi sai an neme su.

Suka zaga gari sau ɗaya. Suka sake zagawa. Mutumin ya karanta duk addu'ar da ya sani, har ta shiga kasuwa. A zagaye na uku ya cire bel.

"Riƙe jirgin."

"Kyaftin, ka rufa mana asiri. Ni ma na gaya wa tawa matar ƙarin albashi na tafe."

Bai saurare shi ba. Ya fito yana tafiya a karkace, gwiwa manne da gwiwa, fasinja na gaishe shi yana ɗaga musu hannu da kyar. A bakin banɗaki ma'aikaciyar jirgi ta tare shi.

"Kyaftin, in tsohon nan ya ɗaga, kai da ƙungiyarka kun tashi a tutar babu. Kuma maiɗakinka ta kira ni jiya ta ce in sa maka ido."

Ya kauce mata ya ƙwanƙwasa a hankali.

"Baba, barka da hutawa. Ya tafiyar?"

"Alhamdu lillahi, yaro. Ban taɓa samun wuri mai sirri irin wannan ba. Wane ne?"

"Matuƙin jirgin ne. Baba, wata 'yar lalura ce ta taso. Ko za ka ɗan matsa gefe? Ba sai ka tashi ba."

"Wurin mutum ɗaya ne. Haka aka gaya mini da zan saya."

"Zan biya ka kuɗin tikitinka. Har ninki."

"Ban sa a kasuwa ba."

Cikin ya sake murɗawa, wannan karon har 'yan layin baya suka waiwayo. Mutumin ya manna baki a jikin ƙofa.

"Baba, ga dabara. Kana tashi a hankali, ina zama a hankali. Na'urar ba za ta gane an canza mutum ba."

"To ni kuma in zauna ina? An ce jirgin ya cika."

"Ka ɗan tsaya nan bakin ƙofa."

"Kuɗin zama na biya, ba na tsayuwa ba."

"Baba, don girman Allah. Ka ɗauke ni kamar ɗanka."

Aka ji ana naɗe jarida. Sakata ta yi ƙara, tsoho ya leƙo da kai, yana nan zaune daram da bel ɗinsa.

"Shi ke nan, yaro, mu yi musaya. Ka zauna a tawa, in je in zauna a taka. Dama ni kusa da taga na so."