Sanƙon da Babakura Ya Kai Misira

"Wushe, wushe, Maigida. Ya hanya? Tsaya daga nan tukuna, wa ya yi maka sussuka a ka?"

"Lafiya lau, amarya. Ki bari in zauna mana kafin ki fara."

Babakura ɗan kasuwar yadi ne a Kasuwar Litinin. Bai daɗe da dawowa daga Alƙahira ba, inda aka yi masa dashen gashi. Da hantsi ya sauka daga keke napep a Bulabulin riƙe da lema, ya zo gaida kakarsa Kaltum, wadda ke zaune a ɗakin haya tun shekarar da suka gudo daga Marte. Sunan mijinta aka sa masa, shi ya sa ba ta kiransa sai da Maigida. Gaban kansa duk ƙananan ɓawon ciwo ne, baƙi-baƙi, jere a layi.

"Namiji da lema, sai ka ce amaryar ƙauye."

"Likita ya ce kada rana ta taɓa wurin."

"A Maiduguri? To ya ba ka wata ranar ka taho da ita?"

"Ke dai kishi kike yi. Kin ga zan koma saurayi, 'yan matan Gomari za su ƙwace miki ni."

"Su ɗauka, har da lemar. Wace ce za ta so kai kamar an barbaɗa wa tuwo ƙwaro? Matso in gani."

Ya matso. Ta kai farce, ya goce da sauri.

"Kaka, kar ki ɓamɓare. In ɓawon ya fita da ƙarfi, da saiwar gashin yake tafiya. Da kansa zai zube."

"Ba ya ƙaiƙayi?"

"Kamar tururuwa sun yi gida a ciki. Ban isa in sosa ba. Ruwan gishiri nake fesawa, in wanke da kumfa ba murzawa, barci ma a jingine nake yi."

"Ka tsallake teku ka sayo wa kanka ƙaiƙayi. Da ka zo nan, da man shanu da toka na gama maka."

"Man shanunki ne ya cinye na farkon."

"Ƙarya kake. Da sanƙonka aka haife ka, ungozoma sai da ta kare ido don ƙyalli. Ina suka samo irin da suka dasa?"

"Daga ƙeyata suka cire, ɗaya bayan ɗaya, suka kawo gaba."

"Au, dashe ne na gaske. To ni za ka gaya wa dashe? Dawar masakwa da na dasa a baƙar ƙasar firgin Marte ta fi gashin duk danginku yawa. A huda ƙasa da sanda, a zuba ruwa kaɗan, a sa tsiron, a bar shi kar a dame shi."

"Haka likitan ya ce. Har ya ce wannan gashin zai zube tukuna kafin na gaske ya fito."

"Masakwa ma sai ta kwanta kamar ta mutu kafin ta miƙe. Likitan naka ɗan Marte ne, bincika."

"Zan tambaye shi ko ya san wata tsohuwa mai baki."

Ta tsaya tana kallon goshinsa, hannunta a kan gwiwa.

"Yanzu duk nan zai rufe ke nan."

"In Allah ya so. Kafin babbar Sallah ba za ki gane ni ba."

"Abin da nake gudu ke nan."

"Kamar yaya?"

"Kakanka daga nan nasa ya fara, ya tafi baya kamar an share da tsintsiya. Ranar da muka fito, ya sa mu a mota ya ce zai koma ya kwance shanu, ya biyo mu. Da motar ta tashi na leƙa baya. Ban ga fuskarsa ba, ƙura ta yi yawa. Kan nan kawai na hango yana ƙyalli a rana, har muka sha kwana."

Babakura ne ya yi ta yawo sansani-sansani na 'yan gudun hijira yana cigiyar tsohon, babu wanda ya ce ya gan shi, a raye ko a mace.

"Duk ranar da ka sunkuyo ka shigo ƙofar nan," in ji ta, "kafin ka ɗago, sai in ce ga shi nan ya iso. Yanzu ka je ka ba Larabawa sun rufe mini."

"Ai da kin faɗa, Kaka."

"In faɗa ka ce tsohuwa ta fara ruɗewa? Je ka, na sake ka. Ba na zama da miji mai gashin aro."

"Mace ce ke saki yanzu?"

"A ɗakina ni ke yi."

"To kafin ki kore ni, duba nan."

Ya juya mata baya, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. A tsakiyar kan akwai fili fayau, faɗin tafin hannu, babu ɓawo babu tsiro.

"Wannan fa?"

"Irin bai isa ba. Likita ya ce in koma baɗi a ƙarasa."

"Za ka koma?"

"Ina zan koma? Matata ta hana."

"Nan ɗin ana taɓawa?"

"Nan naki ne. Ki dai kiyayi gaban."

Ta ɗora tafinta a wurin a hankali, ta bar shi ya jima. Sai ta yi dariya, ta goge ido da bakin mayafi.

"Nasa ya fi naka santsi."

"Ki ba ni lokaci, zan kamo shi."

Ta kwance bakin zaninta ta ciro goro, ta raba biyu, ta miƙa masa babban ɓarin ta saman kafaɗarsa.

"Ungo. Na fasa sakin. Kar ka ɗago tukuna."