Tanderun Hajiya Sa'adatu Ya Mutu da Hayaƙinsa a Ciki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da maƙogwaro mai cike da baƙin hayaƙi, Hajiya Sa'adatu Abdulbaƙi ta unguwar Utaibiyya a nan Makka take sanar da 'yan'uwa, maƙwabta, da duk wanda ya taɓa karya kumallo da gurasarta, rasuwar abokin zamanta Alhaji Tanderu. Ya cika ranar Talata da hantsi, a ɗakinsa na saman bene, bayan shekara ashirin da uku a bakin aiki. Ba tsufa ne ya kashe shi ba. Hajiya ta ce a rubuta wannan da kyau, kada wani ya zo ta'aziyya yana ce mata ai ya sha miya.

Marigayin tanderun ƙarfe ne mai cin dizal. Malam Nasiha, mijin Hajiya, shi ya girka shi tun yana raye, ya fitar masa da bututun hayaƙi mai faɗi, miƙaƙƙe kamar sanda, ya huda rufi ya wuce katanga da kamu biyu, da 'yar hularsa a ka saboda tantabaru. Ashana ɗaya ake ƙyasta masa, sai a ji "fuuu", wuta shuɗiya ta zauna, ya kama gurnaninsa na "gurrr" har a kwashe gurasar ƙarshe. Ya ga aikin hajji ashirin da uku bai taɓa zuwa Arfa ba, amma alhazan Kano da na Damagaram masu sauka a Jarwal duk sun san hannunsa.

Babban alherinsa kuwa rufin asiri ne. Hajiya 'yarta ɗaya ce, Haifa, kuma tun rasuwar Malam ta sha faɗa cewa gara ta wuni da yunwa da ta zauna jiran cefanen suruki. Marigayi ne ya tsaya mata har maganar nan ta kai shekara goma sha ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba.

Ciwon ajalinsa da ƙafa biyu ya shigo gidan, sanye da farar jallabiya. Bisa al'ada Hajiya ba ta kama sunan mijin 'yarta, amma yau ta ce a rubuta shi ɓaro-ɓaro: Ma'aruf. Direban motar alhazai ne, mutumin da ko ƙusa bai taɓa bugawa ta shiga daidai ba. Shi ya zo da labarin cewa ma'aikatan baladiya, wato hukumar gari, na zagaya unguwa, duk rufin da suka ga hayaƙi na tashi sai su tambayi lasisi. Marigayi kuwa, kamar da yawa cikin masoyansa, ba shi da takarda. Hajiya ta ce to a kira masanin aikin. Ma'aruf ya ce ina, ai ba a shigo da baƙon ido gidan da ake ɓoyo, shi ya ga yadda ake yi a waya. Ya dafa ƙirji ya ce, "Ma fi mushkila, Hajiya." Larabcin nan ne ya fi ba ta haushi, don duk sanda ya ce babu matsala, to ta iso ƙofa.

Ya sa zarto ya yanke bututun Malam. A madadinsa ya ɗaura wani siriri mai lanƙwasa, ya karya shi gwiwa huɗu, ya sunkuyar da kansa ƙasa, ya zura shi cikin manwar, wato ramin iskan nan na tsakiyar gini inda tagogin banɗakuna ke buɗewa. Mahaɗan ya liƙe su da salatif. Tagar da marigayi ke shan iska kuma ya toshe ta da kwali, wai kada wari ya fita. Hayaƙi da Allah Ya yi shi mai hawa sama, Ma'aruf ya ce ya gangara. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Marigayi ya yi jinyar kwana tara. Wutarsa ta koma rawaya, gurnaninsa ya zama "tuf, tuf, tuf". Gurasa ta fara fitowa da ɗanɗanon gareji. Bango ya yi baƙi, rufi na ɗigar wani maiƙo mai yauƙi cikin kwaɓi. Hajiya in ta yi kaki baƙi, in ta fyace baƙi, kanta kamar ana sara. Ta je masallaci, matar da ke kusa da ita a sahu ta toshe hanci da mayafi ta matsa. Maƙwabtan ƙasa kuma suka riƙa fitowa daga banɗaki ido jawur suna tsine wa wanda ba su sani ba.

Ranar Talata ƙurar hayaƙin da ta cushe bututun ta kama wuta. Marigayi ya ce "dum!" sau ɗaya, cikinsa ya tsage daga sama har ƙasa. Da rarrafe Hajiya ta fito, Allah Ya taƙaita. Da aka kwance bututun, sai ga baƙin kwalta, da kyankyasai soyayyu, da wata gafiya da ta rigaya marigayi gidan gaskiya da kwanaki. Hajiya ta duba sau ɗaya ta juya ta yi amai. Garin neman gira an rasa ido, baladiyar kuma har yau ko inuwarsu ba a gani ba.

Ya rasu ya bar farantan gashi goma sha biyu, da rariya, da dogon katakon ciro gurasa, da jarkar dizal guda mai takaba a bayan ƙofa, da kwanon kwaɓi da ya ci gaba da tashi bai san an yi mutuwa ba.

Mai sayen tsohon ƙarfe zai zo daga Ka'akiyya ya ɗauki gawar ranar Juma'a bayan la'asar. Ana karɓar gaisuwa a saman rufi, don ciki ba ya shiguwa. Ana roƙon mata kada su zo da turaren wuta, gidan ya ƙoshi da hayaƙi. Masu zuwa za a ba su shayi da burodin kanti na leda, cikin kayan da Ma'aruf ya aiko tun ranar rasuwar, da saƙon cewa daga yau cefanen Hajiya na wuyansa. Hajiya na roƙon a ci a yi shiru. Ita ma kwana biyu ta yi tana harar ledar nan a bakin ƙofa, yau da azahar ta kwance ta ci.