Kwamandan Tudu da Babur Mai Riga Goma Sha Ɗaya

Duk gaɓar Morrosquillo ba a taɓa yin masanin teku kamar Don Eustorgio Berrío ba. Shi da kansa ya gaya mana haka, kuma ba mutum ne mai ƙarya ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin tashar jiragen ruwa yana buga hatimi a takardun masunta, tagarsa na kallon teku, don haka babu igiyar ruwan da ta taso bai shaida ta ba. Shiga ruwan ne kawai bai cika yi ba. Sau ɗaya na ɗauke shi a kwale-kwalena, kafin mu wuce gadar katako ya mayar wa teku da karin kumallonsa kaf, ya ce ƙwan da matarsa Ledis ta soya masa ne ya lalace. Yana kiran kansa Kyaftin. Mu kuwa a teburin wasan domino Kwamandan Tudu muke ce masa, in ya ba da baya.

Abokina ne tun muna aji ɗaya, shi ne uban baftismar 'yata, shi ya sa muke kiran juna compadre. Wata biyar ke nan da muka binne shi, amma har yau in na dafa gahawa da safe kofi biyu nake ɗaukowa.

Burinsa ɗaya ne a duniya. Kowace sha shida ga Yuli muna ɗora mutum-mutumin Maryamu ta Carmen a kwale-kwale mu zaga gaɓa da ita, da 'yan badujala da furanni, kuma jirgi ɗaya ke shiga gaba yana share hanya. Wannan gurbin yake so. Duk shekara sai ya rubuta wa kwamitin biki wasiƙa mai hatimi uku, duk shekara kwamiti ya amsa cikin ladabi cewa mai share hanya yana bukatar jirgi.

Da ya yi ritaya sai ya sayi jirgi. Babur ɗin ruwa ne, irin wanda ake ba masu yawon shaƙatawa haya a Coveñas. Wani baƙo ya hau dutse da shi, ƙasansa ya tsage kamar tsawon hannu. A amalanken jaki aka kawo shi, Kyaftin na tafe a gaba da farar hula, yana ɗaga wa mutane hannu.

Yadira Julio, wadda ta shekara ashirin tana ɗinke mana kwale-kwale da ƙyallen gilashi, ta leƙo ta katanga ta duba tsagar. Ta ce aikin kwana biyu ne: a goge wurin, a shimfiɗa ƙyalle riga biyu, a shafe da ƙaro, in mutum matsoraci ne ya ƙara ta uku.

Kyaftin ya gyara hula. "Yadira, 'yar nan, riga uku ta jirgin kamun kifi ce. Wannan zai shiga gaban Uwar Allah ne. Ki koma wurin masu tarunki." Washegari ya kewaye tsakar gidansa da tamfol, ya rubuta a kwali cewa ba a shiga sai da izinin Kyaftin.

Ni kaɗai na samu izinin, domin ana bukatar mai goga samfefa.

Ban taɓa ganin aiki mai tsari irin wannan ba. Ƙaron da ya sayo, wanda ake kira epoxi, ruwa biyu ne da ake gaurayawa, shi kuwa da sirinji yake auna su, sanye da safar hannu, yana ɗaga shi sama kamar likita zai yi allura. Ni ke yanka ƙyalle, ni ke shafawa da buroshi, ni ke korar kumfar iska, ni ke komawa gida jikina na ƙaiƙayi kamar na yi birgima a kan ƙaya. Shi yana kan kujera da littafi yana rubuta kwanan wata, da zafin rana, da inda iska ta nufa.

"Nicanor," yakan ce, "kai kifi ka sani. Ni teku na sani. Goga sosai."

A riga ta huɗu ne ya gano wata rariya ta ƙarfe a ƙasan babur ɗin, can wajen baya. Ya tsaya a kanta hannu a ƙugu, ransa a ɓace. Ya ce shekara talatin da ɗaya yana karanta rahoton jiragen da suka nutse, kuma kowanne rami ne ya kashe shi. Masu ƙera wannan abu sun yi sakaci, shi zai gyara musu. Na tambaye shi ko ba wani amfani ramin ke yi ba, tunda ni injin rataye kawai na sani, mai farfela a waje. Ya kalle ni da tausayi. Na riƙe ƙyallen, muka rufe rariyar, riga bakwai suka hau kanta.

Kowace Lahadi bayan coci yakan tayar da injin na ɗan lokaci. Kajin Ledis su watse, karnukan unguwa su ɗauka, shi kuwa ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

Yulin farko ya zo, ya ce ƙaro bai gama hutawa ba. Na biyu ya zo, ya ce ya ga alamar rauni a gefen hagu. 'Yan domino suka yi ta dariya. Ni ban yi sosai ba, don na riga na gane: kowace sabuwar riga wata biyu ce da zai ƙara a kan tudu. Ban taɓa faɗa masa ba. In ya ce a ƙara, sai in ɗauko samfefa.

A watan Fabrairu zuciyarsa ta kwantar da shi a asibiti a Sincelejo. Ya rame, hular ta yi masa yawa, amma muryar na nan. Ya kama hannuna ya ce, "Compadre, aiki ya kammala. Riga goma sha ɗaya. Bana zai shiga gaba, ko ina nan ko ba na nan. Ka ba ni kalmarka." Na ba shi. Kwana uku bayan haka ya tafi.

Kwamiti bai iya ce wa mamaci a'a ba. Ranar biki maza goma suka ɗauko babur ɗin suna nishi, wanda a da huɗu suka sauke shi daga amalanke. Ya zauna cikin ruwa kamar saniya a tabki, amma ko ɗigo bai shiga ba, wannan kam a ba Kyaftin haƙƙinsa. Na hau, na tayar, na matsa. Ya yi ruri har 'yan badujala suka daina busa. Na waiwaya in ga nisan da na yi, sai na ga gadar katako na nan inda na bar ta, Fada, limamin cocinmu, na tsaye a kai yana duba agogo.

Yadira ta shiga ruwa har ƙugu ta shafa ƙasansa. Ta daɗe tana shafawa. Sannan ta ɗago ta tambaye ni a hankali ina rariyar da injin ke zuƙar ruwa ya feso ta baya. Na ce mun gyara ta. Ta rufe baki da hannu, kafaɗunta na rawa don dariya, ta ce ko da injin yanka sai an kwana biyu kafin a kai ga ƙarfen.

Shugaban kwamiti ya ce a ja shi gefe, rana na yi, Maryamu na jira. Na dubi hular Kyaftin da na ɗaure a kan sitiyari. Na ce a ba ni minti goma.

Na kawo kwale-kwalena, na rataya tsohuwar taya a hancinsa, na manna shi a bayan babur ɗin. Yadira ta ɗaure su da igiya biyu, ta gargaɗe mu kada a bar injin babur ɗin ya wuce minti ɗaya a kunne, zai ƙone. Ledis ta tattare baƙar rigarta ta hau babur ɗin, ta ɗora hular mijinta a kanta. Na ja igiyar tsohon injina.

Haka muka share wa Maryamu hanya, jirage arba'in na biye. Da muka zo daidai tagar ofishin Kyaftin, Ledis ta tayar da injin ta matsa iya ƙarfinta. Rurin ya cika gaɓa, mutane suka yi ta tafi, har na ji wani a bakin ruwa yana cewa ashe Kyaftin ya san abin da yake yi. Ban ga gabana sosai ba, idanuna sun cika.

Ledis ta kashe injin, ta juyo, ita ma fuskarta a jiƙe, tana dariya.

"Compadre Nicanor, ka gan shi ko? Shi a gaba yana ƙara, kai a baya kana turawa. Ko mutuwa ba ta canza masa tsari ba."