Fasfon Inna a Rumbun Kawu Nomau

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Kawu Nomau, ita ma ta zube daga tsakiya, ta nan ake miƙa gishiri da garwashi. Su biyu ne a gidan, shi da matarsa Iya Kande, sai awaki biyar da rumbu guda wanda duk garin babu mai kyansa, don Kawu gwanin yaɓe ne. Ƙanen Innata ne. Bai taɓa faɗa da kowa ba, bai taɓa ƙarya ba. Abu ɗaya ne dai: yadda ka faɗa masa magana haka zai aikata ta, ba ragi ba ƙari. Mutanen gari sun san haka, shi ya sa sai sun tauna magana kafin su aike shi.

Ni kuwa na manta. Shekara bakwai na yi a Duwala ta ƙasar Kamaru ina aikin lodi a tashar jiragen ruwa. Da na dawo gida, ko wata biyu ban cika ba ƙafafuna suka soma ƙaiƙayi. Kullum da safe sai in je bakin titi in tsaya ina kallon motoci.

"Auta," in ji Inna, "kai kamar an zuba maka barkono a takalmi."

Sai na ce to mu tafi gaba ɗaya, mu huta, su ga teku. A Duwala yayar Inna, Goggo Delu, take, rabonsu da juna shekara ashirin da takwas. Idon Goggo ya fara hazo, kuma ta aiko cewa tana so ta ga fuskar ƙanwarta tun tana iya gani. Wannan ya hana mu jiran rani. Muka sa rana a tsakiyar damina. Inna ta ce ƙafarta ƙafar Nomau, Kawu kuma ba ya zuwa ko'ina sai da Iya Kande. Muka zama mu huɗu.

Wata rana muna cin tuwo na ce, "Kawu, ruwan can ba irin namu ba ne. Yakan yi kwana bakwai bai ɗauke ba. Sai mutum ya saba da jiƙa." Washegari da hantsi na leƙa ta katanga, na hango shi zaune a kan turmi da rigarsa da hularsa, Iya Kande tsaye a kansa tana kwarara masa ruwa da ƙwarya.

"Iya, lafiya?"

"Sabo muke yi," ta ce. "Randa ta biyu ke nan."

Kwana uku ya yi yana wannan, mura ta kwantar da shi. Na je duba shi, ya fito da kai daga cikin bargo yana atishawa. "Ɗan Yaya, na samu uku. Saura huɗu."

Wata rana kuma na kai su birni ɗaukar hoton fasfo. Mai hoto ya zaunar da Kawu ya ce, "Baba, kada ka motsa sai na ce." Kafin ya danna aka ɗauke wuta. Ya fita neman mai tayar masa da janareta, ya gamu da kiran sallah, daga masallaci ya wuce cin abinci. Mu kuma muna kasuwa sayen lema da takalman roba, don na ɗauka an gama. Muka dawo bayan awa biyu muka tarar da Kawu yadda muka bar shi, ido a buɗe, ƙuda na kai da komo a karan hancinsa.

"Nomau, tashi mana!" in ji Inna.

Ya amsa ta gefen baki, ko leɓe bai motsa sosai ba: "Yaya, ba ke kika zaunar da ni ba."

Sai da aka nemo mai hoto. Ya rantse tun da ya buɗe shago bai taɓa ɗaukar hoton da ya fita sarai kamar wannan ba.

Wata rana, da tafiya ta matso, na ga Kawu ya jera fartanya da tabarma da tulun zuma a tsakar gida. Na ce, "Kawu, jirgi ba motar kasuwa ba ne. Abin da ka san ba ka iya kwana babu shi, shi kaɗai za ka sa a jaka." Ya kwashe kayan ya mayar ɗaki. Jim kaɗan muka ji ihun Iya Kande. Muka ruga. Ga Kawu riƙe da babban buhu yana auna ta da shi, daga kafaɗa zuwa diddige.

"Malam, ka haukace ne?"

"Shekara talatin ban taɓa kwana babu ke ba. Lanƙwashe gwiwa kaɗan."

Ta bi shi da muciya har zaure, amma ranar dambun zogale ta yi masa, da ƙuli mai yawa.

Wata rana, saura kwana uku mu tashi, na karɓo komai: fasfo huɗu, tikiti, da katin allurar rigakafi. Ina shiga gida aka yi mini waya cewa direban da zai kai mu filin jirgi yana jirana a tasha. Na miƙa wa Inna ambulan, ta nuna mini hannunta duk ƙullu, ta ce in ba Nomau. Cikin sauri na ce, "Kawu, ajiye inda ruwa ba zai taɓa su ba, ko da garin nan zai cika da ruwa." Sai da na kai tasha na tuna wa na faɗa wa.

Na dawo da gudu. Kawu yana saman rumbu, hannu duk laka. Ya yi wa takardun yadda ake yi wa irin shuka: ya naɗe su a tsumma, ya sa a tukunya, ya cika ta da toka da busasshen barkono saboda gara, ya rufe baki da sakaina, ya yaɓe. Sannan ya sa tukunyar a ƙoƙon rumbu, ya yaɓe shi ma, ya mayar da jinka.

"Kawu! Fasfo ne fa, ba wake ba! Buɗe in mayar da su jakata."

"Lakar ba ta bushe ba. In aka buɗe yanzu, rumbun zai tsage."

Inna ta zauna a kan tabarma ta riƙe kai. "Shekara ashirin da takwas, Nomau. Ka binne mini Delu a toka."

Na haƙura zuwa gobe, na ce da azahar ko da gatari ne sai na fasa.

Washegari, azahar ba ta yi ba hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan da aka yi ranar, tsofaffi sun ce rabonsu da irinsa tun suna samari. Kafin la'asar rafi ya shigo gari. Ɗakina, da ke can gangare, ruwa ya kai gwiwa. Jakar da na so in mayar da fasfo a ciki, a zaure muka tsinto ta tana yawo. Takardar shaidar aikina ta Duwala da ke ciki ta zama kamar kunu.

Da ruwan ya ɗauke, muka taru a gindin rumbu. Kawu ya hau, ya ɗaga jinka, ya ƙwanƙwasa yaɓen da yatsa ya ce yanzu kam ya kama. Ya fasa, ya sauko da tukunya. Inna ta zura hannu cikin toka ta zaro ƙunshin. Ko ɗigo bai taɓa su ba. Ta buɗe fasfonta ta daɗe tana kallon hotonta, sannan ta share ido da bakin mayafi.

"Barkono ne," ta ce.

A filin jirgi jami'in da ya buɗe fasfon Kawu sai da ya yi atishawa sau huɗu kafin ya buga hatimi.

Mun sauka Duwala ana tafka ruwa. Goggo Delu tana zaune a baranda. Ta kama fuskar Inna da hannu biyu, ta matso da ita har hancinsu ya kusa haɗuwa, ta ce, "Ke ce. Har tabon nan na gira yana nan." Na tsaya ina kallonsu, na lura ko sau ɗaya ban waiga wajen titi ba.

Can Goggo ta ɗaga kai. "Wane ne wancan tsaye a tsakar gida, ruwa na dukansa, ga lema a hammatarsa?"

Iya Kande ta ajiye jaka ta nemi kujera. "Ƙanenki ne, Yaya. Ƙyale shi. Kwana huɗu ne suka rage masa."