Akuyar Iya Asibi Ta Shiga Hoto

Daga cikin keken da ya ɗauko ni daga unguwarmu Kwamba na hango akuya tana cin fostar ɗan siyasa. Ta gama da kunnen Mai Girma Sarkin Alkawari, ta doshi hularsa. A bayanta 'yan uwanta ne ɗaure a rana, haƙarƙari duk a waje.

Awakin tallafin zawarawa ne. Tun kafin damina aka sayo su, amma ba a raba ba, domin Mai Girma bai samu sukunin zuwa ba, kuma akuya ba ta rabuwa sai da mai hoto.

Maƙwabciyarmu Iya Asibi mai ƙosai tana cikin waɗanda aka yi wa alkawari. An nuna mata wata baƙa mai farin goshi, aka ce tata ce. Tun daga ranar, kullum sai ta kai mata dusa da ƙowar wake.

"Muhsina, ke da kika yi boko, ki je ki faɗa musu sauran za su mutu," in ji ta.

Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba, haka na tafi ofishin da abin ya shafa. Ranka-ya-daɗen da na tarar ya saurare ni cikin mutunci, Allah ya saka masa.

"Hajiya, akuyar da ba a ƙaddamar ba, a hukumance ba ta fara jin yunwa ba. Abincinsu sai bayan biki."

Sai na kira wata ƙungiyar jinƙan dabbobi. Su kam sun zo, cikin ƙatuwar mota da fararen riguna. Shugabarsu ta dubi akuyar Iya Asibi ta yamutsa fuska.

"Mama, ɗan ja wannan akuyar gefe. Ta yi ƙiba, za ta ɓata mana hoto."

"Laifina ne, 'yata. Na ba ta abinci."

Suka ɗauki hoton ramammun ta gaba da ta baya, suka ce za su tattauna batun a wani taro a otal a Abuja. Sun bar mana takardun Turanci kan haƙƙin dabbobi. Kada a ce ba su tsinana komai ba: awakin sun cinye takardun tas, suka kwana da wani abu a ciki.

Jiya Mai Girma ya zo. Kafin isowarsa an ja ramammun bayan katanga, aka wanke mai farin goshi da sabulu. Ya miƙa wa Iya Asibi igiya, aka tafa, ya ce ga shaidar yadda suke kula da dukiyar talaka. Rabon da in ga ta yi irin wannan fara'a tun mijinta na da rai.

Yana shiga mota wani mai kwat ya kama igiyar.

"Mama, saki. Gobe akwai irin wannan biki a gaba, kuma ita kaɗai ce ke iya tsayawa a hoto. Taki tana baya, je ki zaɓa."

Ina tsaye da digirina aka ja ta zuwa mota. Akuyar dai ta samu aikin gwamnati, har da motar zirga-zirga, abin da ni na kasa samu.

Iya Asibi ta zaga bayan katanga, ta juye wa ramammun dusar da ta kawo, ta kakkaɓe kwanonta, ta kama hanyar Kwamba a ƙafa.