Rasuwar Buroshin Haƙorin Kaumi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunci kumburarre, Kaumi ɗan Babakura na unguwar Nassarawo a Mubi, ɗalibin jami'a a Zariya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar buroshin haƙorinsa, wanda ya cika ranar Talata a cikin tukunyar shayi.

Marigayin ja ne, siriri, mai farin gashi. Kaumi ya haɗu da shi a wani kanti a shekararsa ta farko a jami'a, kuma tun daga ranar ya yi wa aswaki saki uku, yana cewa icce na awaki ne. Duk hutun da ya zo gida, marigayin na tsaye a aljihun gaba kusa da biro, kansa a waje, don Fanna 'yar Alhaji Kalibu ta gani ta san wanda ke nemanta ba ƙaramin mutum ba ne.

Marigayi bai taɓa shan wahala ba. Kaumi na tsoron kada gashinsa ya zube, saboda haka ba ya sa shi aiki sai ran Juma'a da ranar zuwa zance. A waɗannan ranaku za ka ji muryarsa a ƙofar gida, caka-caka, caka-caka, kumfa na zuba, masu wucewa na rage tafiya. Sauran ranakun mako kuwa haƙoran Kaumi suna zaman marayu tsakanin rake da alewa.

Ciwon ajali ya same shi a bakin randa, inda aka manta shi. Kakar Kaumi, Ya Gumsu, ta tsince shi, ta ga ya dace da shafa furen taba, ta yi ta dirza har haƙoranta suka yi jan da ba su taɓa yi ba. Da jikan ya tsare ta, sai ta ce:

"Ɗan nan, abin naka yana da kyau. In ka koma Zariya ka kawo mani babba."

Kaumi ya karanta cewa tafasasshen ruwa na kashe ƙwayar cuta, sai ya jefa majinyacin a tukunya ya tafi shan hira. Da ya dawo, gashi ya kwanta, baya ya lanƙwashe. Ilimin Kaumi ne ya kashe shi, kuma Kaumi ya roƙa kada a tuna masa.

Marigayin ya bar rabin man goge baki, da biro abokin zamansa, da haƙori ɗaya na can ƙurya mai kogo, wanda ya kumbura daidai makon da za a kai gaisuwa gidan Alhaji Kalibu. Fanna ta aiko da ta'aziyya. Ta ce ita dama ba buroshin take kallo ba, bakin take jira ya gyaru, kuma ta ɗaga gaisuwar sai ya iya yi mata dariya ba tare da ta juya kai ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis a bayan gida, bayan an dawo daga asibiti, domin a binne haƙorin tare da buroshin da ya kamata ya kula da shi. Masu zuwa gaisuwa kada su kawo rake. Wanda ke da aswaki ya miƙo ta ƙofar baya.