Mutumin Da Ya Sayar Da Rijiya Sau Biyu

A wani gari can da ake kira Baruwanmu, inda in ka tambayi hanya sai a nuna maka da leɓe, an yi wani dattijo mai suna Sallau, mai wankin hula a bakin Kasuwar Gobe-Ka-Dawo. Wanda ya gan shi tsugune yana jera huluna a rana ba zai ce ya taɓa fitowa a fim ba. Ya fito kuwa, sau ɗaya tak, kuma sau ɗayan nan ya ishe shi rayuwa.

Lokacin yana saurayi yana aiki a ofishin ruwa, wani baƙo ya sauka garin da kyamara a kafaɗa, ya ce zai yi fim mai suna An Sayar Da Rijiya. Labarin wani ciyaman ne da ya sayar da rijiyar gari, jama'a suka shiga ƙishirwa, daga ƙarshe 'yan sanda suka kama shi, ya rufe fuska da hula don kunya. Da yake Allah ya yi wa Sallau tumbi tun yana yaro, shi aka ba ciyaman.

Tsakani da Allah, fim ɗin bai yi kyau ba. Baki yakan gama motsi kafin magana ta iso. Ana ganin inuwar mai kyamara a jikin katanga. A wurin da wata tsohuwa ta mutu da ƙishirwa, akuya ta ratso ta tsallake gawar, gawar kuma ta miƙa hannu ta sosa ƙafa. Amma Sallau ya yi aikinsa da zuciya ɗaya. Duk sanda talakawa suka zo masa da kuka, sai ya karkace hula, ya shafa ciki, ya ce, "Ku yi haƙuri, na riga na ci."

Ranar da aka haska shi a sinimar gari, ba a kai ƙarshe ba. Samarin lokacin, tsaran Sallau, su suka tayar da ƙura. Jagoransu wani Korau ya haye kan benci yana kumfar baki: "Yaushe aka taɓa jin shugaba ya sayar da kayan jama'a? Sharri ne! An ci mutuncin Baruwanmu!" Aka yi ta jifan allo da takalma. Baƙon ya bar gari ko sallama babu. Ofishin Kare Idon Jama'a ya haramta fim ɗin, shi kuma Sallau aka kore shi daga aiki, wai mutumin da ya sayar da rijiya ba a bar masa famfo. Ya yi rantsuwa cewa wasa ne. Aka ce ai ya iya wasan da yawa, dole abin yana ransa.

Shekaru suka shuɗe. Korau da abokansa suka yi furfura, suka cika majalisar gari, wadda ake kira Majalisar Gyaɗa Kai, shi Korau har ya zama shugaban Ofishin Kare Idon, da sarautar Sarkin Ido. A zamaninsu aka sayar da tashar mota, da filin ƙwallon firamare, da gefen maƙabarta mai kallon titi. Sinimar ma ta koma rumbun siminti. Rijiyoyi suka bi ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ta Tsakar Gari kaɗai ta rage wa talaka. Babu wanda ya jefi kowa da takalmi, domin wannan ba fim ba ne. Hulunan masu sayarwar kuwa Sallau ke wanke su, amma direbobi ake aikowa da su, don kada a ga mutumin kirki tsaye da wanda ya sayar da rijiya.

Ana nan sai wata rana jikarsa Hansai, wadda ta gama makaranta tana zaman jiran aiki kamar sauran tsaranta, ta zo rumfarsa tana dariya har da riƙe ciki.

"Kaka, ashe kai ne Na-Riga-Na-Ci?"

Sallau ya ajiye hular da ke hannunsa. "Amaryata, wa ya gaya miki wannan maganar?"

"Wa ya gaya mini? Gari ya ɗauka! Wani ne ya tsinci kaset a kayan gwangwan, aka juye a waya. Tashi mu je ka gani."

Ta ja shi zuwa wani shagon kallon ƙwallo, da rana tsaka. Shago ya cika maƙil da samari da 'yan mata. Kowa ya karkace hula, wasu sun cusa matashin kai a cikin riga. Har akuya suka zo da ita, suna jiran lokacinta. Da fim ya fara, sai Sallau ya ga abin mamaki: da yake magana tana makara, su 'yan kallon ne ke faɗin ta daidai da motsin baki, gaba ɗayansu, ba kuskure ko ɗaya. Sun haddace shi kaf, har da tarin mai kyamara.

Da aka zo mutuwar tsohuwa, idon Sallau ya kawo ruwa. Su kuwa suka saki akuyarsu ta ratsa gaban allo, kowa ya sunkuya ya sosa ƙafa. Amma dariyar da ta fi kowace ƙarfi sai a ƙarshe, wurin da ba a taɓa kaiwa ba a zamaninsa. Da 'yan sanda suka kama ciyaman ya rufe fuska, sai shago ya kece. Wasu har da faɗowa daga benci.

A hanyar gida ya kasa haƙuri.

"Hansai, nan fa shi ne wurin darasi. Me ya ba ku dariya?"

"Kaka, ciyaman aka kama fa. Kuma wai har ya ji kunya! Wallahi wanda ya rubuta wannan ya iya tatsuniya."

"Kakanninku sun jefe mu don sun ce ƙarya ce shugaba ya yi sata."

"Mu kuma ƙaryar da muka gani ita ce a kama shi. Tun da aka haife ni, da jarka nake ganin ana sayen ruwa."

"To in ƙarya ce, me ya sa kuke nacin kallonsa? Ko dai ya yi kyau ne ban sani ba?"

"Kai, Kaka, bai yi kyau ba ko kaɗan," in ji ta, tana riƙe da hannunsa. "Shi ya sa. Babu wanda ya ce mu so shi. Manya sun tsane shi, an jefar da shi, mu muka tsince shi. Namu ne."

Sallau bai gane duka ba, amma ranar ya ci tuwo har da ƙari.

Ba a daɗe ba labari ya kai Majalisa. Sarkin Ido ya sake haramta fim ɗin da aka riga aka haramta, aka shiga binciken wayoyi a bakin kasuwa. Kafin wata ya ƙare har ƙauyuka sun haddace shi. Samari suka daina ko magana: in ayarin motocin 'yan majalisa ya zo wucewa, sai su jeru a gefen titi su shafa ciki kawai. Aka duba littattafan doka ba a sami laifin shafa ciki ba, sai Majalisa ta zauna ta yi dokar. Aka kama masu ciwon ciki da dama da wata mai juna biyu.

Uban Gari, wanda ake wa laƙabi da Sai-Mun-Duba, shi ya gano inda matsalar take. Aka ce ya dubi Korau ya ce, "Sarkin Ido, ka yi ta hana su suna ƙaruwa. Ka taɓa gwada tilasta musu?"

Da safe sai ga baƙar mota a gaban rumfar Sallau, Korau da kansa ya fito, ya buɗe hannuwa.

"Sallau, abokina na ƙuruciya!"

"Ranka ya daɗe, hularka ba ta bushe ba tukuna."

"Bar zancen hula. Ni fa tun ranar farko na san fim ɗin nan taska ne. Ka tuna har kan benci na hau?"

"Na tuna, ranka ya daɗe."

"Don in gani da kyau ne. To, Majalisa ta amince fim ɗinka ya zama Gadon Gari. Kai kuma za a naɗa ka Sarkin Rijiya, a damƙa maka amanar ta Tsakar Gari, kowa ya san an wanke ka."

An wanke ka. Kalmar da Sallau ya yi shekaru yana jira ke nan, yana wanke na wasu. Da ya gaya wa Hansai, sai fara'arta ta ɗauke.

"Kaka, kada ka je. Mutanen da suka jefe ka ba su tuba ba, dabara suka canza."

"Ke yarinya ce. Kin san abin da ake ji a yi ta nuna mutum da baki har ya tsufa? Ko sau ɗaya ina so in shiga masallaci a matsa mini a sahun gaba."



Aka yi naɗi, aka yafa masa babbar riga. Fim ya zama dole: ana haska shi a makarantu, ana jarrabawa a kansa, duk mai neman rumfa a kasuwa sai ya kalla. An dai cire wurin kamun ciyaman, wai kaset ya lalace daidai nan. An kuma gyara sautin, magana ta daidaita da baki, aka goge akuyar don ba ta dace da martabar gari ba. Dattawan Majalisa suka riƙa zama a sahun gaba suna share hawaye, suna cewa yaran yanzu ba su san fim ba. Yaran yanzu kuwa suka cire matasan kai daga riga suka mayar kan gado. Kafin damina ta sauka, ko da kyauta ba ka samun saurayi ɗaya da zai kalla. Aka daina shafa ciki a titi.

Sallau ya ji zafin wannan, ya je ya faɗa wa Korau.

"Kwantar da hankalinka," in ji Sarkin Ido. "Kashi na biyu za mu yi. Kai ne ciyaman, kuma a ainihin Rijiyar Tsakar Gari za a ɗauka, don abin ya yi kama da gaske."

"Har da wurin kamu, ranka ya daɗe? Don a nan darasin yake."

"Har da shi. Wannan karon ba za mu cire ba."

Ranar ɗauka aka tara gari kaf a bakin rijiya, aka ce kowa ɗan wasa ne, in an ɗaga hannu a tafa. Ga kyamara ƙatuwa a kan ƙafafu uku. Aka kawo wani mutum mai sheƙi da ba a san shi a garin ba, aka ce shi ne zai fito a mai saye. Liman da masu unguwanni aka jera su a matsayin shaidu. Sallau ya karkace rawani, jininsa na da ya motsa, ya kama hannun mutumin ya ɗaga murya yadda na bayan kasuwa ma za su ji:

"Ni, Sarkin Rijiya, na sayar!"

"Na saya," in ji baƙon, ba tare da ya dubi kyamara ba.

"Kun shaida?" in ji Korau.

"Mun shaida!" Gari ya ɗauki tafi. Sallau bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Washegari mata suka zo ɗiban ruwa suka tarar da katangar kwano da ƙofa da kwaɗo, ga mai gadi a zaune da kulki. Kafin azahar gari ya hargitse. Majalisar Gyaɗa Kai ta fitar da sanarwa cewa ta kaɗu matuƙa da jin wanda aka ba amana ya sayar da ita a gaban shaidu, kuma a Baruwanmu babu wanda ya fi ƙarfin doka. Cinikin dai ya riga ya ɗauru, ba yadda za a yi. Amma mai laifin zai ɗanɗana kuɗarsa.

Da 'yan sanda suka iso ƙofar gidansa, Sallau ya fito da rawaninsa tsaf, yana murmushi, ya miƙa hannuwa. Sai da ankwa ta cije shi ya fara waige-waige.

"Samari, ina mai kyamarar? Ku dakata ya iso mana."

'Yan sandan suka tasa shi gaba. Dattawa suna gefe suna cewa dama sun faɗa tun yana saurayi. Matasa sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, kuma wannan karon babu mai dariya. A tarihin Baruwanmu, shi ne mutum na farko da aka kama kan sayar da kayan jama'a, aka kuma yi shelar hakan a rediyo har da kiɗa.

Hansai ce kaɗai ke zuwa duba shi a gidan yari. Ran nan ta kawo masa tuwo da ruwa a gora, ta zauna tana kallonsa yana sha. Bai tambaye ta inda ta sayo ruwan ba. Ya ajiye gorar.

"Amaryata, ki gaya mini gaskiya. Fim ɗin, ya yi kyau? Mutane sun so shi?"

"Ba a nuna ba, Kaka. Mai kyamarar ya ce aronta aka yi daga shagon gyara. Ba ta ɗauka."

Sallau ya gyaɗa kai a hankali.

"Amma Sarkin Ido ya ce an samu nasara," in ji ta. "Har sun sanar da kashi na uku. A bakin kogi za a yi. Suna neman sabuwar fuska, matashi, wanda za a naɗa Sarkin Kogi."

"To, alhamdu lillahi, ku dai kun ga abin da ya same ni. Wa zai je?"

Hansai ta ɗaure bakin kwanon tuwo, ta miƙe.

"Da zan zo nan, sai da na zagaya ta bayan kasuwa," in ji ta. "Layin matasa masu nema ya tare hanya."